Ɗan baduku mai taunar ƙirgi

Ke Ladidi, kin ce kin gaji da dukan yaron nan a kan taunar wuyan riga. To ajiye bulalar tukuna, in ba ki labarin wani baduku.

Yana da ɗa ɗan shekara huɗu wanda tuwo bai taɓa wuce maƙogwaronsa ba. Da an sa masa loma sai kakarin amai da kuka. Koko kaɗai yake sha, shi ma sai an tace sau biyu. Yaro duk ya rame, ga miyau kullum sharkaf a gaban riga. Amma abin mamaki, bakin nan da ya ƙi tuwo mai laushi, da uban ya juya baya sai ya wawuri guntun fata a rumfa ya hau tauna kamar akuya. Masu cewa aljanu ne suna faɗi, masu cewa sangarta ce suna faɗi. Uban ya yi duka har ya gaji, ya shafa wa fatun maɗaci, daga baya ya kwashe guntayen ya kulle a akwati. Sai yaron ya koma cizon bayan hannunsa har jini, kokon ma ya daina karɓa.

Nan fa hankalin baduku ya tashi, don ya ga ɗansa zai tafi yana ji yana gani. Shi kuwa mutum ne mai bin diddigi, ya ce bari dai ya ga abin da yaron nan yake nema a cikin fata. Ya jera masa guntaye uku, na akuya, na tunkiya da busasshen ƙirgin sa, ya koma gefe ya zuba ido. Yaro ya ture masu laushin, ya ɗauki ƙirgin ya kai can haƙoran ciki, ya yi ta gartsa. Can sai kafaɗunsa suka sauka, kukan ya tsaya. Uban ya miƙa masa koko, ya shanye tas. Ya sake gwadawa washegari da jibi, haka dai. Sai ya ce wa matarsa, "Ashe ba cin fatar yake ba, bakinsa yake murzawa. Ni ma ai sai na murza fata kafin basilla ta shiga."

Daga ranar ya raba shi da fatar jima mai datti, ya maye masa da ferarren rake da goriba kafin kowane abinci, yana zaune kusa da shi kada ya ƙware. Fura mai kauri kuma sai yaron ya zuƙa ta kara mai rami, shi da uban su yi wasan hura gashin kaza a tabarma. Ba a kwana biyu aka yi ba, sai da damina ta shiga ta fita. Wata rana uban na cin tuwo, sai ga ɗan hannun yaron a cikin kwanonsa yana gutsurar loma. Wallahi ƙaton nan da hawaye ya ƙarasa cin abincin.

To Ladidi, kafin mu fara gyaran bakin naki ɗan a nan asibiti, je ki lura min da abin da yake taunawa, da lokacin da yake yi, da yadda yake komawa in ya gama. Yaron da bai iya magana ba, da wuyan rigar nan yake gaya miki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.