Muryar da Ke Cikin Kwalla

Allura ce Dogara ya shiga nema a ɗakin matarsa Ramatu, sai ya ci karo da kaset a cikin kwallar jerenta, an naɗe shi da ɗankwali kamar jinjiri. Ita ta tafi suna Limancin Kona. Ya manta da babbar rigar da ya bari a zaure rabin aiki, ya jawo rediyo, ya danna.

Namiji ne. Kuma tun daga sallama Dogara ya gane muryar, mai kauri, mai fita ta hanci. Wa zai manta muryar Malam Shehu na Gyallesu, mijin Ramatu na fari? Shi ya aure ta tana budurwa, ta haifa masa ɗa guda, aka yaye aka ba Barira, yayar Shehu, riƙo, auren ya mutu. Daga baya aka ce jami'a ta tura shi ƙasar Suwidin ƙaro karatu, ya kwashi iyalinsa ya tafi. Dogara ya ɗauka an wuce wurin. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

"Ina koyon yarensu," in ji muryar, ta tsaya ta yi tari. "Yau darasin tsoro aka yi mana. Abin da Ingilishi ke ce wa fear, su rädsla suke cewa. Dread, zullumin abin da bai iso ba tukuna, fruktan. Terror, razanar da ke sandarar da mutum, skräck. Anxiety kuwa, fargabar da ba ka san tushenta ba, ångest. Duk na haddace su. Amma ba wadda ta kai abin da nake ji in na tuna ƙila ba zan sake ganinki ba."

Iye! Dogara ba ya jin Turanci, balle yaren mutanen ƙanƙara, amma wannan jimla ta ƙarshe ba ta bukatar tafinta. Shi yana nan Ƙofar Kibo yana tsiyayar da idanunsa kan zare da allura don ta ci ta sha, wani ƙato na can yana yi wa matarsa daɗin baki da harshe uku!

Tana dawowa ya tare ta tun ba ta cire mayafi ba.

"Muryar wa ce a kaset ɗin nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Barira ce ta kawo, Malam."

"Na ce muryar wa ce?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Ta... wancan."

Shi ke nan, magana ta fito. Kowa ya san mace ba ta kama sunan mijinta na fari. Wato duk shekarun nan kunyarsa take ji, kuma yayarsa ce 'yar aike. Ya juya ya koma zaure.

Ana cewa kishi kumallon mata ne. To wanda ya faɗi haka bai ga Dogara ba a makon nan. Tuwo ya daina wuce masa. Ya yi wa rigar wani Alhaji aiki a karkace, sai da ya warware. Abin da ya fi ƙona masa rai, in tana tankaɗe sai ya ji tana maimaita kalmomin nan a hankali da karyayyen harshe, "rädsla, fruktan," tana share ido da gefen zane. Mace mai koyon yaren wata ƙasa, ai shirin tafiya take yi.

Ranar da ta shiga maƙwabta kitso, ya ɗauko kaset ɗin ya sa a rediyo, ya danna jan maɓalli. Ya zauna yana kallonsa yana juyawa, yana ɗaukar kukan kaji da dakan maƙwabta, yana cinye muryar Shehu kalma bayan kalma. Da ya ƙare ya juya ɗaya gefen, shi ma ya shafe. Ya naɗe shi da ɗankwalin, ya mayar cikin kwalla. Rabonsa da jin sanyi a rai irin na ranar har ya manta.

Kashegari da hantsi Barira ta yi sallama a zaure, idanunta jawur.

"Malam, an yi mana rasuwa a Suwidin. Ciwon ƙirji ne. Can aka yi masa sutura."

"Allah ya jiƙansa," in ji Dogara. Bai tambayi ko wa ba, ai ya sani. Ya yi istigfari a zuci, don ya ji wani abu mai kama da murna ya ɗarsu masa.

Ramatu ba ta yi kururuwa ba. Ta dai ɗauko ƙunshin ɗankwalin ta rungume a ƙirji, ta zauna bakin gado kamar an dasa ta. Wannan ma ya soke shi, amma ya daure. Ba a kishi da mamaci, kuma gaisuwa wajibi ce. Ya zura riga ya nufi Gyallesu.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan. Dogara ya cire takalmi, ya durƙusa gaban mai karɓar gaisuwa, ya ɗaga kai. Malam Shehu ne zaune, da ransa, ya rame, gemu duk furfura. Ya riƙe hannun Dogara da hannu biyu, ya yi magana da muryar nan mai fita ta hanci.

"Na gode, Malam. Ni na dawo tun bara, ɗanmu Yari shi ya tsaya karatu. Don Allah ka ce wa uwarsa ta adana kaset ɗin da ya aiko mata daga asibiti. Na san ba za ta iya kama sunan ɗan fari ba, amma muryar Yari ke nan kaɗai da ta rage mana a duniya."