Miyar da Kevin Bai Ci Ba

Ina shekara goma a Greensboro, abokina ɗaya ne tak, wani Bature Kevin. Baba ya ce ɗansa ba ya kwana gidan mutane, sai Mama ta ce shi Kevin ya zo ya kwana namu.

Ran Asabar ta shimfiɗa masa sabon zanin gado, ta kaɗa miyar kuka da daddawar da take tattali tun daga Damagaram. Kevin na shigowa ya toshe hanci. Kafin la'asar uwarsa ta ɗauke shi.

Mama ta ɗanɗani miyar, ta dube ni. "Ko gishiri ne ya yi yawa?"

Ba gishiri ba ne, Mama. Tun rasuwarki ban sake cin irinta ba.