Tsohon Direba da Giwa

Wata giwa ta tsaya ƙyam a gaban motarsu, a tsakiyar hanyar gandun daji. Baba, tsohon direban tasi, ya dubi takardar tafiyar da ya yi wata guda yana tsarawa: ƙarfe tara su kasance bakin tafki. Hannunsa ya nufi hon, kamar yadda ya saba shekara talatin.

'Yarsa ta cafke hannun. "Baba, rufa mana asiri! Nan ba tasha ba ce."

Ya kashe mota yana ƙunƙuni. Sai ciyawa ta motsa, ɗan giwa ya fito yana tangaɗi, ya bi ta ƙarƙashin uwarsa ya tsallaka. Ashe hanya ta tare masa.

Baba ya ninke takardar a hankali.

"Ranki ya daɗe," ya ce cikin raɗa, "ba sauri muke yi ba."