Kujera Ta Tara

Tun da injuna suka iya kiɗa, doka ta hana sayar da faifan mutane sai an haɗa shi da bugun zuciyar mai sauraro ɗaya, shaidar cewa a gaban jama'a aka kaɗa.

Ranar Talata da hantsi Istifanus mai fiyano ya je ɗakin naɗar sauti a Jos don ya zaɓi zuciya. Tsoffin waƙoƙin jaz takwas suka kaɗa ranar Asabar, shi da Ayuba mai kaɗa jitar bas da wani mai ganga.

"Maigida, zuciyar mai kujera ta tara za ka ɗauka," in ji Malama Indo mai ɗakin. "Sauran duk kamar masu jiran mota."

Ta kunna. Yana jin yatsunsa suna zuba gwaninta, zuciyar kuwa tana tafiyarta a hankali. Da fiyano ya yi shiru, bas ɗin Ayuba ya shigo shi kaɗai, sai ta ɗan tsaya, sannan ta kama gudu.

Istifanus bai tambayi ko wane ne mai kujerar ba. Shi da kansa ya zaunar da matarsa Rifkatu a wurin.

"Haka take a duka takwas ɗin?"

"Duka. Faifan nan zai shiga ko'ina."

"Babu wadda ta motsa sa'ad da nake kaɗawa?"

Ta duba. "Akwai ta ashirin, wani dattijo. Amma tari ne ya sarƙe shi."



"Sa ta dattijon," in ji shi. "Ta taran kuma ki ba ni, zan tafi da ita gida."