Gurbin Yatsa

Ta yaya mutum zai gane cewa abin da yake wa murna musiba ce?

A gasar damben zamani ta murnar komawar sojoji bariki, Sadisu yana ta shan naushi a filin Tarauni. Wanda ake wa kirari da Walƙiyar Gyaɗi-Gyaɗi, yau da ƙyar yake jan ƙafa.

Mai horar da shi, Baba Iro, shi ya tura shi ajin masu nauyi. Sadisu ya yi ƙiba kwatsam, sikeli ya haura, Baba Iro ya ce ƙarfi ne ya zo.

Da safe Maimuna, matar Sadisu, ta roƙe shi. "Baba, don Allah ka cire shi. Takalminsa ma ba ya shiga."

"Ke 'yar nan, tuwonki ne ya karɓe shi! Ban taɓa jefa wa ɗan wasana tawul ba, ba kuwa zan fara a kan mijinki ba."

Aka kaɗa ƙararrawar hutu. Sadisu ya zube a kujera yana haki. "Baba, jikin nan kamar ba nawa ba."

Baba Iro ya durƙusa yana matsa masa ƙafa. Da ya ɗaga babban yatsansa daga ƙwaurin, sai gurbin ya zauna kamar a kwaɓin fulawa. Ya jira, bai ciko ba.

Haka ƙafar yayan Baba Iro ta yi kafin ciwon ƙoda ya tafi da shi. Ashe ba tsoka suka auna ba, ruwa ne.

Ƙararrawa ta sake kaɗawa, Sadisu ya yunƙura. Baba Iro ya zare tawul daga kafaɗarsa, ya wurga tsakiyar fili.