Motar da Ta Kife a Titin Madaki

Minti goma sha biyu ke nan motar Ɗayyabu ba ta matsa taku ashirin ba. A kujerar baya matarsa Ikhlas na rungume da 'yarsu Fatiha, mai shekara shida, wadda asma ta taso mata bayan azahar. Abin shaƙarta ya ƙare. Numfashinta na fita da wani siririn fito.

Asibitin ba nisa. Ranar da hanya take a sake, tafiyar minti biyar ce.

Ba abin da ya tare titin. Wata mota ce can gefe, ta kife, tayoyi a sama, gilasai a warwatse, ja ya malale a jikin ƙofa. Amma duk direban da ya iso wurin sai ya taka birki, ya sauke gilashi, ya yi salati. Wani mai Keke Napep har tsayawa ya yi fasinjansa ya ɗauki hoto. Kowa daƙiƙa biyar kawai yake ci, daƙiƙoƙin kuma suna taruwa a kan na baya.

Ɗayyabu ya danna hon, ya leƙa ya yi ihu cewa da mara lafiya. Na gabansa ya ɗaga masa hannu, alamar shi ma ba yadda zai yi.

"Baban Fatiha, leɓenta fa ya canja launi," in ji Ikhlas.

Ya duba dama, kwalbati. Ya duba hagu, 'yan acaɓa sun cike ko'ina.

Da suka kawo daidai wurin, ita ma Ikhlas sai da idonta ya kai. "Innalillahi. Ko akwai mai sauran rai a ciki?"

"Ba kowa a ciki," ya ce, bai juya ba.

Daga nan hanya ta buɗe fayau. Ya taka mota iya ƙarfinsa. Sai da ya yi nisa ya lura fiton nan ya ɗauke, Ikhlas kuma tana ta kiran sunan yarinyar, tana jijjiga ta.

Da safiyar nan shi da 'yan ƙungiyarsu ta direbobi suka jawo tsohuwar motar daga gareji, suka kifar da ita, suka watsa mata jan fenti don makon faɗakarwa kan gudun ganganci, kuma shi ne ya dage a ajiye ta a nan, inda dole kowa ya rage gudu ya kalla.