Wuƙar Jibo a Ƙafar Mudi

Hajo ta kawo fura gona, sai ta hango Jibo durƙushe kan mijinta Mudi, wuƙa a hannu, jini na zuba. Jibon da suka shekara bakwai suna gaba kan iyakar gona!

Ko ihu ba ta yi ba. Ta dire ƙwarya, ta suri galma, ta sauke masa a ƙeya. Ya kife.

"Azzalumi! Yau dubunka ta cika!"

Mudi ya ɗago da ƙyar, ƙafarsa ɗaure tam da yagin rigar Jibo.

"Hajo, kin kashe ni. Kububuwa ce ta sare ni, tsaga yake yi mini. Ya ce akwai saiwar makarinta nan kusa. Bai kai ga faɗin sunanta ba."